Saje Mai Layi Uku

Shreveport, 9 ga Satumba

Zuwa ga: Marcella Ledet, Mamou.
Daga: Clovis Ledet, Saje mai ritaya.
Batu: Wasiƙa.

1. Gaisuwa mai yawa. Da fatan kina lafiya, Mama Odile ma tana lafiya.
2. Ni ma lafiya lau.
3. Malama Dubose, mai koya mana rubutu a jami'a, ta ba ni umarnin in riƙa rubuta miki wasiƙa da hannu duk mako.
4. Ga ta nan na rubuta.

Mijinki,
Clovis

Shreveport, 16 ga Satumba

Uwargidana Marcella,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar mahaifiyarki, Mama Odile? Yaya yaran motar makaranta, suna zama a kujerunsu ko sai kin tsayar da mota a gefen titi kin juyo musu da idon nan naki? Ni dai lafiya lau, sai dai an ci mini fuska a gaban ofis.

Wasiƙar makon jiya ba ta samu shiga ba. Ƙa'idar Malama Dubose ita ce ba za ta karanta ba, tunda magana ce ta miji da mata. Sai dai in tsaya a bakin ƙofa in ɗaga mata takardar ta ga yawan rubutun, sannan in liƙe ambulan. Na ɗaga. Ta sauke tabarau ta ce, "Malam Ledet, lambobi nake hangowa ko idona ne ya fara?" Na ce lambobi ne, ranki ya daɗe, don sauƙin karatu. Ta ce, "Matarka ce, ko mai kula da sito?" Da yake na riga na sayi kan sarki, sai na aiko miki da ita a haka.

Na san a waya kullum ina ce miki komai yana tafiya daidai. Ba ƙarya nake yi ba, amma ban faɗi duka ba. Darasin rubutun nan karo na biyu ke nan nake zama a cikinsa. A zangon da ya wuce na faɗi, na kuma yi shiru da bakina. Yanzu ga inda matsalar take: sashen horar da malamai ba ya karɓar wanda ya faɗi darasin nan sau biyu. Gwamnati kuma wata talatin da shida ta ce za ta ɗauki nauyin karatun tsohon soja, babu ƙarin ko kwana guda, kuma na riga na ci tara, don haka babu zancen in sake wani fanni daga farko. In na sake faɗuwa a Disamba, zancen in dawo in koyar da kanikanci a sakandaren garinmu ya mutu. Kin san yadda na ƙwallafa rai a kan garejin makarantar nan.

Za ki ce ta yaya mutum mai shekara arba'in da huɗu zai faɗi rubutu a yaren uwarsa? Ga yadda aka yi. An ce mu rubuta shafi biyar a kan abin da ke jawo ambaliya a garuruwanmu. Na kawo dalili, na kawo magani, na kawo wanda alhakin ke wuyansa, duka a layi bakwai. Ni a ganina na yi wa malamin gata. Shekara ashirin da biyu ana cusa mini a kai cewa babban batu a layin farko, kada a wuce shafi ɗaya, Kanar ba shi da lokaci. Na taɓa yin bayanin yadda manyan motoci goma sha huɗu suka tsaya mana a hamada cikin rabin shafi, har aka yaba mini a gaban jama'a. A nan kuwa irin wannan aikin sifili ake ba shi.

Na kai ƙara wurin Hollis. Ba ki san shi ba, shi ne mai kula da ofishin tsofaffin sojoji a jami'ar nan, shi ke sa hannu a takardunmu kafin gwamnati ta biya makaranta. Tsohon sojan ruwa ne, ga tumbi ga baki. Na ce masa sun duba takardun aikina sun yafe mini darasin motsa jiki da na shugabanci, to me ya hana su yafe mini rubutu, alhali na rubuta rahoto ya fi dubu? Ya ce, "Haba Saje, ai ku sojan ƙasa dama da hoto ake yi muku bayani." Na ce, "Ji mai magana, shekara ashirin kana goge ƙasan jirgi, ko harbin kifi ba ka taɓa yi ba." Ya zuba mini kofin ofishinsu, wanda ban taɓa shan mai muni irinsa ba ko a bariki, ya ce in bi abin da Malama ta ce kawai.

Rubutu ɗaya ne nake jin daɗinsa a karatun nan. Duk ƙarshen wata gwamnati tana turo saƙo a waya tana tambaya ko har yanzu ina makaranta, ni kuma in amsa da "Eh". Can ne kawai ake ganin darajata.

Ki yafe mini ɓoyon da na yi. Kunya ce, ba raini ba.

Naki har kullum,
Clovis

Shreveport, 30 ga Satumba

Marcella tawa,

Gaisuwa da fatan alheri, tare da fatan kin tashi lafiya, ke da Mama da duk wanda ya leƙo gidan. In 'yarki Josette ta kira daga Houston ki gaishe ta. Ni sai motarta ta fara tari take tunawa tana da uba.

Amsarki ta iso ranar Alhamis. Bari in ba ki labarin yadda aka yi, tunda yanzu an ce in riƙa faɗin yadda aka yi. Tun Litinin nake sauka wurin akwatin wasiƙu sau biyu a rana, har tsohuwar da nake haya a gidanta ta tambaye ni ko gado nake jira. Ranar Alhamis na hango rubutun hannunki. Ban buɗe a tsaye ba. Na hau sama, na dafa kofi, na ja kujera kusa da taga, na gyara zama, sannan na farke ambulan. Ga abin da na tarar, na kwafo miki ko kin manta:

"Na samu. Muna lafiya. Ana ruwa. Marcella."

Na juya bayan takardar, fari fat. Na leƙa cikin ambulan, na zazzage shi a kan tebur. Ko kurɓa ɗaya ban yi wa kofin ba na gama karatu.

Gaskiya raina ya ɓaci. Na cusa takardar a aljihu na nufi ofishin Hollis, na ajiye masa a gaba na ce ya duba irin abin da ake yi mini. Mutum ya cika shafi biyu, ya tona asirin kansa, a mayar masa da labarin ruwan sama! Hollis ya karanta, ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Na rantse matar nan ta fi ka iya soja." Da ya nutsu sai ya ce, "To kai da kana Iraƙi me kake aiko mata?" Na ce abin da ya kamata. Ya ce, "Layi nawa?" Na ce kofin nan naku yau ya fi na jiya muni. Ya ce, "Saje, layi nawa?" Na ce uku. Ya ce, "Tafiya nawa ka yi?" Na ce huɗu. Ya ci gaba da buga hatimi a takardunsa yana murmushi, ni kuma na ɗauki hulata na fita.

Marcella, ban taɓa tsayawa ta wannan gefen na akwatin wasiƙu ba. Ni kwana huɗu kawai na yi ina jira har na fara ganin laifin mai kawo wasiƙa. Ke kuwa mako uku kike yi, ga yarinya a hannu, ga labarai a talabijin, sannan ki buɗe ki ga "Ina lafiya. Abinci ba laifi. Gaida kowa." Kin rama, kuma ramuwar ta shiga inda kike so ta shiga.

Amma don Allah a tsaya haka. Wane irin ruwa ake yi? Na yayyafi ne ko mai iska? Rumfarmu ta baya ta zuba ta wurin da na toshe, ko toshiyar ta riƙe? Mama tana cin abinci sosai? Wa ya zauna a kujerata a coci? Ina son in ji duka, har da abin da ba shi da amfani.

Mijinki mai neman sulhu,
Clovis

Shreveport, 28 ga Oktoba

Abar ƙaunata Marcella,

Ina gaishe ki da kyau, ina kuma fata wannan takarda ta same ki cikin walwala. Na ji daɗi da ƙafar Mama ta sauka har ta koma faɗa da maƙwabta, alamar lafiya ke nan. Wasiƙarki ta makon nan shafi huɗu ce, na karanta sau uku. Labarin yaron da ya shigo miki mota da kwaɗo a cikin akwatin abincinsa na ba wa kowa a ofishin Hollis.

To ga nawa labarin. Malama Dubose ta ce kowa ya rubuta shafi uku a kan wani aiki da ya iya sosai. Na ce yau dai an zo gidana. Na rubuta yadda ake canza tayar babbar mota, mataki tara, tsaf, ko makaho aka karanta wa zai iya. Da ƙyar ya cika shafi ɗaya. Hollis ya ce in bar masa, shi ya san dabarar. Ya zaunar da ni gaban kwamfutarsa, ya ƙara wa haruffa girma, ya faɗaɗa gefen takarda, ya buɗe tsakanin layuka har mota za ta iya wucewa. Nan take shafi ɗaya ya zama uku. Na ce ashe sojan ruwa ma suna da rana.

Ranar Laraba Malama ta ce in same ta a ofis. Kin san ni da kiran ofis. A bariki in babba ya ce ka zo ofis, to ka shirya wa tsiya. Na goge takalmi, na isa minti goma sha biyar kafin lokaci, na tsaya ƙyam a bakin ƙofa har ta ce, "Malam Ledet, zauna mana, ba fareti muke ba." Ta ɗaga takardar ta ce, "Wannan daga tsallaken titi ma zan iya karantawa. Ka san ni ma na taɓa zama ɗaliba, ko?" Na ce laifina ne, ranki ya daɗe. Ban ambaci sunan Hollis ba, duk da na so.

Ta ajiye takardar ta ce, "Wa ya koya maka canza taya?" Na ce kawuna Ulysse. Ta ce yaushe? Sai na ba ta labarin, wanda ina jin ke ma ban taɓa ba ki ba. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya, mun ɗauko jatan lande a ƙanƙara daga bakin teku za mu kai kasuwa, taya ta fashe a tsakiyar gonakin shinkafa, ga rana tana dukan ƙeya. Kawu ya sauko, ya miƙo mini jak da sifana, ya je gindin bishiya ya zauna ya buɗe abincinsa. Ya ce, "Ɗan nan, in ƙanƙarar nan ta narke, kai za ka yi wa kakarka bayani." Ina kuka ina kwance noti, ruwan ƙanƙara yana ɗiga mini a wuya, shi kuwa yana taunar burodi yana cewa, "Ba ta nan ba, ta ɗaya gefen." Da na gama ya zo ya taɓa kowane noti da hannu, bai ce na yi daidai ba, amma ya bar ni na riƙe sitiyari har bakin gari.

Da na kai ƙarshen labarin sai Malama ta nuna mini agogon bango. Ta ce, "Minti ashirin ka yi kana magana ban katse ka ba. Shafi shida ke nan." Na ce, "Ranki ya daɗe, ai wannan surutu ne, ba bayani ba." Ta ce, "To surutun nake saye. Je ka rubuto mini shi." Na rubuta, ya fito shafi uku da rabi da ƙananan haruffa na mutunci, ta ba ni C. Marcella, ko ranar da aka ɗaura mini igiya ta uku ban yi murna irin ta ranar ba. Na kai wa Hollis ya manna a jikin firij ɗin ofis.

Sai dai kada mu yi saurin rawa. Makin da na samu a farkon zango ya ja ni ƙasa sosai. Ta gaya mini gaskiya cewa komai yana kan takardar ƙarshe ta Disamba, shafi biyar cif.

Ki ajiye mini miyar gumbo a firiza, ta nan kamar ruwan wanki take.

Naki,
Clovis

Shreveport, 18 ga Nuwamba

Uwargida ran gida,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Mama, da fatan sanyin nan bai taɓa ku ba. Yau albishir na kawo, kuma ki lura ban sa masa lamba ba.

An ba mu batun takardar ƙarshe: wata shawara da ka taɓa yankewa a rayuwa, da dalilin da ya sa ka yanke ta. Shafi biyar, a miƙa ranar takwas ga Disamba. Na tambayi Malama ko ya halatta mutum ya tsinto daga abin da ya riga ya rubuta a zangon nan. Ta ce ya halatta, in dai nasa ne. Nan take kaina ya kawo wuta. Wasiƙun da na aiko miki sun kai goma. A ciki akwai wadda na ba ki labarin ranar da na yanke shawarar barin soja, ita kaɗai ta kusa shafi uku. In na haɗa da ta zancen garejin sakandare, na ɗan daddatsa, na cire inda na kira ki abar ƙaunata, aiki ya ƙare.

Saboda haka ki tattaro mini su wuri ɗaya. Zan zo hutun Bikin Godiya na ƙarshen watan nan, ranar Laraba da yamma, in ɗauke su in dawo da su ranar Lahadi. Na yi alkawarin mayar miki da kayanki ba tare da ko ɗigon kofi ba. Ki gaya wa Mama ni zan soya talotalon bana, kada ta bari Josette ta taɓa shi.

Mijinki mai dabara,
Clovis

Shreveport, 2 ga Disamba

Marcella,

Ina gaishe ki, domin gaisuwa wajibi ce. Ina fata kina lafiya, kuma na san kina lafiya, tunda na ga ƙarfinki da idona. Na iso lafiya, hannu wofi.

Zan rubuta abin da ya faru a teburin nan dalla-dalla, don na san halinki, nan da shekara biyar za ki ce ba haka aka yi ba. Bayan an ci talotalo, wanda kowa ya yarda ya yi daɗi, na ce miki ina wasiƙun? Kika ce, "Waɗanne?" Na ce nawa. Kika ce, "Naka? Sunan wa ke bayan ambulan?" Na ce aro kawai nake nema, kwana goma. Kika ajiye cokali kika ce, "Saje, shekara ashirin da biyu nake jiran takardun nan. Yanzu da suka zo, sai in kwashe in ba wata mata ta bi su da jan biro? Ba na ba da aro." Na ce to ki bari in ɗauki hotonsu da waya. Kika ce ko inuwarsu ba zan gani ba.

Na juya wurin Josette neman taimako, ta ce ita ba ruwanta, tana cin kek. Na juya wurin Mama Odile, wadda na gyara wa keken guragu da hannuna, na ce Mama ki sa baki, karatuna ne fa zai lalace. Ta ce, "Ɗana, ni na ba ta gwangwanin da ta ɓoye su a ciki." Ranar Asabar da kuka tafi kasuwa na duba ƙarƙashin gado, da saman kabad, da cikin injin wanki. Na faɗa ne don kada ki ga an taɓa kaya ki zargi ɓarawo.

Abin da ya tsaya mini shi ne maganar da kika yi a bakin mota da zan taho. Na ce miki, da gaske nake, in na zauna rubuta wa makaranta kaina kullewa yake, layi bakwai ne ke fitowa. Kika gyara mini kwalar riga kika ce, "To wa ya ce ka rubuta wa makaranta? Ka rubuta mini, ita kuma Malamar ta leƙa ta bayan kafaɗata." Na ce wace shawara zan ba ki labari wadda ba ki sani ba? Kika ce, "Akwai ɗaya. Kai ma ka san ta." Kika rufe mini ƙofar mota kamar ɗaya daga cikin yaranki na makaranta.

Yau kwana biyu ke nan ina zaune gaban farar takarda. Hollis ya leƙo ɗakin karatu ya gan ni ya ce, "Saje, ko in zo da manyan haruffan nan?" Na ce ya ɓace mini da gani. Ina jin tsoro, Marcella. Saura kwana shida, kuma abin da kike nufi na gane shi tun kafin in fita daga Mamou. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ban kuma san ko zai yarda ya hau takarda ba.

Ki yi mini addu'a, duk da ke kika jefa ni ciki.

Mijinki, wanda bai gama hucewa ba,
Clovis

Shreveport, 12 ga Disamba

Masoyiyata Marcella,

Gaisuwa irin wadda ba ta da iyaka, da fatan kina lafiya, Mama tana lafiya, motar makaranta ma tana tashi da safe ba gardama. Ki zauna kafin ki ci gaba. A'a, kada ki tsorata, so nake kawai ki ji daɗin karatun.

Na ci! B ta ba ni, Marcella, B! Sashen malamai sun karɓe ni, Hollis ya riga ya buga hatimi a takardun zango mai zuwa. Da na gaya masa sai ya miƙe tsaye ya sara mini, da tumbinsa da komai, ya ce, "Yau sojan ƙasa ya koyi karatu, a rubuta a tarihi." Na ce gobe kuma sai mu koya wa sojan ruwa dafa kofi. Na ƙi kiran ki a waya da gangan, na danne kwana biyu, don ina son ki same shi a akwatin wasiƙu.

Shafi bakwai na rubuta. Malama Dubose ta miƙo mini a ofis ta ce, "Malam Ledet, biyar na ce." Na ce a yi haƙuri, ranki ya daɗe, birki ne ya ƙi kamawa. Ta ce ta bi shafi shida da jan biro, amma na bakwai ba ta taɓa shi ba. Ta ce, "Wannan ba nawa ba ne. Ka kai wa mai shi." Na ga tana neman hankici a jaka, sai na yi kamar ina duba agogon bango.

Takardar tana cikin ambulan ɗin nan, amma bari in gaya miki da bakina kafin ki buɗe ta. A tafiyata ta farko, Josette tana da wata biyu, na zauna a bayan wata babbar mota da rana tsaka na rubuta miki wasiƙa shafi huɗu. Na ba ki labarin zafi, da ƙura, da abokaina, da irin mafarkin da nake yi da girkinki. Da na gama na karanta, sai na ga ashe kowane shafi abu ɗaya yake faɗa. Sau goma sha ɗaya na rubuta cewa ina son dawowa gida. Ina da ƙananan sojoji goma sha biyu a ƙarƙashina suna kallon fuskata, ga sauran wata goma a gaba. Na ce in na aika wannan, ke za ki karaya, in kuma na sake rubuta irinta, ni zan karaya. Na yayyaga ta, na ɗauki sabuwar takarda na rubuta layi uku. Daga ranar na riƙe wannan hanya, har na manta ni na zaɓe ta, na ɗauka haka Allah ya yi ni. Na zaci ina kare ki ne. Ban taɓa tunanin abin da nake hana ki ba sai da kika aiko mini da labarin ruwan sama.

Ba wai ba ni da abin faɗa ba ne a shekarun nan, Marcella. Yawa ya yi mini.

Zan taso ranar Juma'a da hantsi. Ina tafe da kayan wanki jaka biyu, kada ki ce ban faɗa ba. Ki gaya wa Mama ta nemo gwangwani mafi girma. Ina kewarki, ina kewar rumfar nan mai zuba, kuma ina son dawowa gida. Ga shi na rubuta, kuma wannan karon ban yaga ba.

Mijinki mai ƙaunarki,
Clovis